Yadda zaka karanta farashin zanen Iran a gwanjon duniya daga wayarka

Wani ƙanena dake karatun zane a ABU ya turo min hoto ran nan, wai Yaya dubi ikon Allah, rubutun Farisanci kawai akan ƙyalle amma an saye shi sama da dala miliyan. Nace masa kwantar da hankalinka, dillancin nan irin na Sabon Gari ne, kuɗin ne kawai suka fi yawa.

Toh ka fara da duba shekara kafin ka duba kuɗin. Christie's, babban kamfanin gwanjo na duniya, sun fara gwanjo a Dubai a 2006, nan zanen Iran ya samu kasuwa, a 2008 kuwa abin ya haukace. Shekarar ce Bonhams, wani kamfanin gwanjon, suka sayar da aikin Farhad Moshiri mai suna Eshgh, wato soyayya, kalma ɗaya tal da duwatsun Swarovski masu ƙyalli akan baƙin ƙyalle, ya haura dala miliyan 1, sannan Christie's suka sayar da bangon tagulla na Parviz Tanavoli dala miliyan 2.8, shi wannan ma ba zane bane. Ƙarshen shekarar tattalin arzikin duniya ya rikice kasuwar ta yi sanyi, don haka in wani ya kawo maka farashin 2008 yana cika baki ka tambaye shi na bana nawa. Akwai kuma Tehran Auction da aka fara a 2012, su da kuɗin Iran suke ciniki, kuma kuɗin nan ya sha ƙasa ba kaɗan ba, sifilin zai ruɗe ka in baka juya shi dala a canjin ranar ba, mu masu naira ai ba sai an mana bayani ba.

Yanzu shiga shafin Christie's ko Sotheby's ko Bonhams, kallo kyauta ne data kawai zaka ƙona, ka rubuta sunan mai zanen ka nemi cinikin da aka riga aka gama. Zaka ga lambobi biyu, ƙarami da babba, wannan ƙiyasin kamfani ne tun kafin a fara tayi. Mai kaya kuma yana da nashi farashin a ɓoye, in tayi bai kai nan ba albarka kenan, kaya ya koma gida, kuma zanen da ya yi kwantai a bainar jama'a yakan sha wuya kafin ya sake daraja. Kuɗin da jarida ke bugawa kuwa yawanci an haɗa da la'adar kamfani, wajen kashi ɗaya cikin huɗu akan inda guduma ta sauka, kuma sau tari ba aljihun mai zanen za su shiga ba, na wanda ya ajiye zanen a falonsa ne.

Wurin da ni nafi daɗewa shine ƙasan hoton, inda ake jero hannuwan da zanen ya bi da wuraren da aka taɓa baje shi. Salsala ke kawo kuɗi, ita ke kore zargin jabu. Ƙarancin kaya ma haka, Bahman Mohasses da ya rasu a Rum a 2010 da hannunsa ya lalata ayyukansa da yawa, Sohrab Sepehri mai zanen kututturan itatuwa ya rasu tun 1980, ba sabo da zai fito.

Shi kuma rubutun da ya ba ƙanen nawa mamaki, nace ya nemi sunan Saqqakhaneh, wani salon zane na Iran, su Zenderoudi da Tanavoli da Pilaram ne a shekarun 1960 suka ɗauko haruffa da layu da alamomin gida suka zuba a zanen zamani, kusan lokacin da su Uche Okeke da Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane anan Zariya a 1958 da irin wannan tunani. Ranar Asabar ya shiga cikin Birni da wayarsa yana neman masu zayyanar allo, har yanzu bai biya ni kuɗin keke napep ɗin ba.