Darasi na 9: Takardar Ajiye Aiki

A darasin da ya gabata mun koyi rubuta takardar neman aiki. Yau ta barinsa za mu duba. Da yawanmu da takarda muke shiga aiki, amma ranar tafiya sai a wayi gari kawai ba a gan mu ba.

A wani aji da na koyar akwai wani dattijo direba, ya shekara shida yana jan motar wani kamfanin rarraba kaya. Suka sami saɓani da manaja a kan kuɗin mai, ransa ya ɓaci, ya ajiye makulli a teburin mai gadi ya kama gabansa. Bayan wata huɗu wata makaranta ta nemi direban bas, aka ce ya kawo takardar shaida daga inda ya baro. Da ya koma, akawu ya buɗe fayil ya karanta masa abin da aka rubuta a kansa: ya gudu daga aiki. Shekara shida bai taɓa ko goga mota ba, amma wannan layi ɗaya ya hana shi takardar. Shi ne ya ce da ni, "Malam, ka koya wa yaran nan abin da ban sani ba."

Kafin ka ɗauki biro

Fara neman takardar da aka ba ka lokacin da aka ɗauke ka aiki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta ce dole mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. A cikinta za ka ga tsawon notis, wato kwanakin da za ka ƙara yi kana aiki bayan ka sanar cewa za ka tafi. Idan ta ce wata guda, to wata guda ne.

Idan ba a ba ka takarda ba, ko ba ta ambaci notis ba, sashe na 11 na dokar ya yanke mafi ƙarancin wa'adi. Wanda bai wuce wata 3 a aiki ba, kwana 1 ne. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 zuwa sama, wata 1. Dokar ta ce notis ɗin da ya kai mako guda dole ya zama a rubuce, don haka "ai na faɗa wa oga da baki" ba ya fitar da kai. Kuma ranar da ka miƙa takarda ba ta cikin lissafi, daga washegari ake fara ƙirga.

Wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu, irin su direbobi, masu gadi, masu shara, leburori da masu buga takardu. Manyan jami'ai da ƙwararru, yarjejeniyarsu ce ke magana, ma'aikacin gwamnati kuwa yana da nasa dokokin aikin. Idan sabon wurin ya matsa maka ka fara gobe-gobe, doka ta yarda a biya kuɗi a madadin notis, ko kuma mai gidan aikin ya yafe maka. In ya yafe, roƙe shi ya rubuta.

Ga yadda takardar take

Ba doguwa ba ce. Rabin shafi ya ishe ta. Mu ɗauka kai mai kula da sito ne, shekararka uku a wurin, saboda haka notis ɗinka mako biyu ne.

(Adireshinka)
3 ga Maris, 2025

Zuwa ga Manaja,
(Sunan ma'aikata da adireshinta)

Ranka ya daɗe,

SANARWAR AJIYE AIKI

Ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na mai kula da sito a wannan ma'aikata. Na ba da notis na mako biyu, ranar aikina ta ƙarshe ita ce Litinin, 17 ga Maris, 2025.

Ina godiya da damar da aka ba ni na tsawon shekara uku, da abubuwan da na koya a nan. Kafin ranar tafiyata zan miƙa makullai da littafin kaya ga wanda aka ce in miƙa wa.

Ina roƙon a biya ni haƙƙoƙina, a kuma ba ni takardar shaidar aiki.

Naka mai biyayya,
(Sa hannu)
(Cikakken suna da lambar waya)

Karanta ta sau biyu da ƙarfi. Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce mai ɗauke da ranar aiki ta ƙarshe. Da ita akawu zai lissafa albashinka, da ita za a san ko ka cika notis. Kada ka rubuta "ƙarshen wata" ko "bayan Sallah". Sa rana, sa wata, sa shekara. Idan shugabar wurin mace ce, sai ka ce "Ranki ya daɗe" kuma "Naki mai biyayya". Sunanka kuwa, rubuta shi daidai yadda yake a takardar albashi, ba sunan da abokan aiki suke kiranka da shi ba.

Ka lura ba mu faɗi dalilin tafiya ba. Ba dole ba ne. In kana so, layi ɗaya ya isa: "Zan koma karatu," ko "Zan koma gida kusa da iyayena." A nan ne ɗalibai suka fi yi mini gardama. Wani zai ce, "Malam, wata uku ana jinkirta mini albashi, ba zan faɗa musu gaskiya ba?" Idan kana bin kuɗi, rubuta shi kamar lissafi: "Ina bin albashin watan Janairu da Fabrairu." Wannan hujja ce, za ta yi maka amfani ko da magana ta kai ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata. Amma "ku azzalumai ne" ba ta ƙara maka ko kwabo. Magana zarar bunu ce, ta takarda kuma ta fi ta baki daɗewa, don a fayil ɗinka za ta kwanta, wani manajan da bai taɓa ganinka ba ya zo ya karanta.

Yawancin ofisoshi da Turanci suke so. Shawarata ita ce ka fara rubuta taka da Hausa, sannan ka kai shagon buga takardu a juya maka. In an gama, ka ce a karanta maka a fassara layi-layi kafin ka sa hannu. Na taɓa ganin wadda mai bugawa ya ɗauko tsohuwar takardar wani a kwamfuta ya canza suna kawai, ya bar ranar tafiyar wancan.

Ranar miƙawa

Kada shugabanka ya fara jin labarin a bakin masinja. Nemi ganinsa, ku gaisa, ka faɗa masa da bakinka, sannan ka miƙa takardar. Je da kwafi biyu. Ɗaya tasu, ɗaya kuma a buga mata hatimi, a sa hannu da kwanan wata, ka tafi da ita gida ka adana tare da takardun haihuwar yara. Saƙon WhatsApp ba ya maye gurbin wannan. A aikin gwamnati takardar takan bi ta hannun shugaban sashenka kafin ta hau sama, kada ka tsallake shi.

Kwanakin notis kwanakin aiki ne, ka riƙa zuwa a kan lokaci. Duk abin da ke hannunka, makulli, katin shaida, kaki, waya ko babur, rubuta su a takarda guda, wanda ya karɓa ya sa hannu. Doka ta ce a biya ka albashinka kafin notis ya ƙare ko a ranar da ya ƙare. Ka kuma tambayi hutun shekara idan ba ka ci ba.

Idan ana cire maka kuɗin fansho, asusun naka ne, ba na kamfani ba. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki kashi 10. Lambar asusun ba ta canzawa, ita za ka kai wa sabon wurin. Wanda kuma ya yi wata 4 bai sami wani aikin ba, yana iya neman a ba shi har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Cikin takardun da za a tambaye shi akwai shaidar cewa ya bar aiki, saboda haka nemi a ba ka amsar takardarka a rubuce.

Aikin gida

1. Wata mai shara ta shekara ɗaya da rabi a wani asibiti, ba a ba ta takardar sharuɗɗa ba. Ta miƙa notis ranar 10 ga wata. Wace rana ce ranar aikinta ta ƙarshe?

2. Gyara wannan jimla ta dace da takardar ajiye aiki: "Na gaji da wulaƙancinku, ga aikinku nan, ku biya ni kuɗina na wata biyu."

3. Rubuta takarda taka a littafinka, da aikin da kake yi yanzu ko wanda ka taɓa yi. Kawo ta aji mako mai zuwa, kowa zai karanta tasa a gaban abokin zamansa.