Yadda Ake Zaɓen Ambaz Wajen Turke Rago a Sudan

Duk mai turke rago a Maiurno ko Gadarif ya san cewa dawa da dusar alkama kaɗai ba sa ɗora nama da sauri, sai an haɗa musu da tunkuza, wadda a kasuwannin nan ake kira ambaz. Sai dai ambaz iri-iri ne, kuma kowanne da irin aikinsa a jikin dabba.

Na gyaɗa ya fi kowanne furotin, domin yakan haura kashi 40 cikin ɗari, kuma rago yana cinsa da marmari. Illarsa ɗaya ita ce fumfuna. Kafin ka biya kuɗi, ka sa hannu har tsakiyar buhu ka ciro dunƙule, ka fasa shi ka shinshina. Idan ka ga kore-kore ko ka ji warin danshi, ka bar shi ko da an karya maka farashi, saboda gubar da fumfunar ke haifarwa, wato afalatoksin, tana lalata hanta tana kuma tsayar da girma. Ambaz na riɗi, wanda ya wadata a Gadarif, yana biye da shi a daraja, amma man da ya rage a cikinsa yakan sa ya yi saurin yin ɗaci a lokacin zafi, don haka kada a saye shi da yawa a ajiye.

Na angurya, wanda ake samu daga audugar yankin Jazira, ya fi araha, kuma idan da ɓawonsa aka matse shi furotin ɗinsa bai cika wuce kashi 25 ba. Yana ɗauke da wata guba mai suna gosifol. Babban rago yana jure mata saboda tumbinsa, amma tana cutar da ɗan tunkiyar da bai daɗe da barin nono ba, da kuma kaji. Ragon da aka ware don barbara ma gara a rage masa, domin tana raunana maniyyi.

A ganina, haɗin da ya fi sauƙi shi ne rabi ɓarzajjiyar dawa, rubu'i dusa, kashi ɗaya cikin biyar ambaz, ragowar kuma farar ƙasa da gishiri, tare da harawa ko karan dawa kullum. Farar ƙasar ba ta ado ba ce: dusa da ambaz suna da yawan sinadarin fosforas, wanda ke jawo tsakuwa ta toshe wa rago mafitsara, farar ƙasar kuwa ita ke rage wannan haɗari. A fara da tafin hannu guda, a riƙa ƙarawa har mako biyu, kuma kada ruwa ya yanke a gabansa.

Game da nama, man ambaz yakan sa kitsen kaji da aladu ya yi laushi, amma tumbin rago yana sauya mafi yawan man nan, shi ya sa kitsensa ke fitowa da tauri. Abin da ke ɓata naman rago shi ne dawa ta yi yawa furotin ya yi kaɗan, sai a fede a tarar da kitse ya lulluɓe ƙoda alhali cinya ba ta cika ba.