Yadda za ka kula da hawainiya a gida

Da farko ka haɗa keji mai tsayi da ragar ƙarfe mai ƙananan ido, domin hawainiya mai hawa ce, ba ta zaman ƙasa. Ka jera mata rassan gwaiba masu ganye, wasu a miƙe wasu a gicciye. Ɗaya kawai a keji. Maza biyu faɗa za su yi ta yi har ɗaya ya rame.

Sai wurin ajiya: inda hantsi ke taɓawa, amma da inuwar da za ta koma idan rana ta take. Ka ɗaga kejin sama saboda kyanwa da kaji.

Batun ruwa nan ne mutane suka fi kuskure. Ko ka ajiye mata kwano, ba za ta kalle shi ba. Ka yayyafa ruwa a ganye safe da yamma, za ka ga tana lasar ɗigon a hankali. Da hunturu ka ƙara yawan yayyafin, da dare ka rufa kejin da buhu.

Abincinta ƙwari masu rai: fara, gyare, ƙudaje. Kada yara su kamo daga gonar waken da aka yi wa feshi, maganin kashe ta zai yi.

Idan mace ta yi ciki ta fara sauka ƙasa, sa mata bokitin yashi mai danshi ta haƙa ta binne ƙwai. Sai sun yi watanni kafin su ƙyanƙyashe, kada ka tone. Kuma a rage ɗaukarta, ba ta son hannu.