Haya a Legas ko kwana a Mowe: lissafin da ɗan ci-rani zai yi kafin ya kama ɗaki

Wanda ya taso daga Maraɗi ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya nufi Legas neman kuɗi, matsalarsa ta farko wurin kwana ce. Ikoyi da Lekki da Victoria Island ruwa ya matse su, fili ya yi ƙaranci, haya ta fi ƙarfin mai gadi da direba da lebura. Shi ya sa ma'aikata ke ja da baya zuwa Mowe da Ibafo da Sango Ota a jihar Ogun, su riƙa sammako.

Fara da kuɗin shiga ɗaki. Ana biyan hayar shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin takardar yarjejeniya, ga ajiyar ɓarna. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ka sani Mowe ba Legas ba ce, dokar ba ta kai can. Kada ka miƙa ko sisi sai ka ga mai gidan da idonka, ka karɓi rasit.

Sai kuɗin mota, inda mutane suka fi faɗawa rami. Haɗa na zuwa da na dawowa, har da acaɓar da za ta fitar da kai bakin titi, ka ninka da kwana 26, sannan da wata 12. Ɗora wannan a kan hayar Mowe, ka kwatanta da ɗakin Agege ko Mile 12 da za ku raba ku uku. Sau da yawa arahar takan narke, musamman tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Abin da ya rage daga kuɗin da kake samu ka juya shi zuwa sefa, don shi ne zai isa gida.

Gwada hanyar da asubahin Litinin, ba ranar Lahadi ba. Doguwar gadar da ke tsakanin Warewa da Kara a kan hanyar Mowe zuwa Legas, tirela ɗaya ta lalace a kanta, ka yi asarar rabin yini. Mai zama wajen Agbado yana da jirgin ƙasan Red Line da ya fara aiki a 2024 zuwa Oyingbo.

Ɗakin da ka gani da rani, duba bangonsa. In akwai zanen laka daidai gwiwa, ruwa na shiga. Unguwannin Isheri da Kara sukan cika idan aka saki ruwan dam ɗin Oyan wajen Satumba da Oktoba. Tambayi mai shagon kusa, dillali ba zai faɗa maka ba.