Kumburin jijiyoyin jini ga masu amosanin gaɓɓai: yadda za a gano shi da wuri

Wannan kumburi ya fi kama wanda ya daɗe da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke jawowa (rheumatoid), sau da yawa sama da shekara 10, musamman mai shan taba. Garkuwar jiki ce ke afka wa bangon ƙananan jijiyoyin jini, jini ya kasa isa fata da jijiyoyin motsi.

Kowane mako a duba gefen farce da idon sawu a hasken rana, don a baƙar fata tabon ba ya fitowa sosai cikin ɗaki. A nemi ƙananan ɗigo baƙaƙe, ko gyambo mai zurfi da ya ƙi warkewa. A danna gilashin shayi a kan tabon: idan bai dushe ba, jini ne ya fita daga jijiya.

Idan ƙafa ta fara ja a ƙasa, silifa na zamewa ba a ji ba, yatsa ya yi baƙi, ko ido ya yi ja da zafi, a tafi Babban Asibitin Yamai ranar nan. Likita zai auna VS da CRP (gwaje-gwajen jini da ke nuna kumburi a jiki), wani lokaci ya yanki ɗan fata a bincika.

Kada a zuba toka ko garin magani a gyambon. Prednisone kuma, maganin rage kumburi, ba a daina shan shi kwatsam. Likita ke rage shi sannu a hankali.