Yadda Ake Zana Dattijo Hoton Ya Nuna Halinsa da Matsayinsa

Kafin ka taɓa buroshi, je zaurensa ka kwashi gaisuwa. Zauna a sha shayi, kai dai ido: shin mai kallon mutum ne kai tsaye, ko mai sunkuyar da kai in ana magana? Wani dattijo da na zana a Garwa ta ƙasar Kamaru, duk tsawon hirarmu babban yatsansa bai bar kan carbi ba. Da na kai hoton gida, 'yarsa ba ta fara duba fuska ba. Yatsan ta nuna, ta ce, "Wallahi Baba ne."

Sai tufafi, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Kada ka ɗora wa mutum kayan da ba nasa ba don a burge baƙi. Alkyabba da sandar girma na lamiɗo ne da masu sarauta. Malami ya ishe shi da farin rawani da littafi a cinya. Attajiri kuwa, in ya sa babbar riga mai aska takwas, bi aikin zare bayan zare, domin wanda ya san tufa daga ɗinkin ƙirji yake gane nauyin aljihu. Ko a Faransa haka ake: a hoton Sarki Luwi na 14 da aka zana a 1701, takobi na rataye a ƙugunsa, kambin sarauta na ajiye a gefe bisa matashi, ba a ma buƙaci ya sa shi a kai ba.

Zaunar da shi kusa da taga da hantsi, haske ya zo ta gefe ɗaya. Kai ka zauna ƙasa da shi kaɗan, kwarjininsa zai fito.

Fitar da siffa da gawayi, sannan fentin mai, daga duhu zuwa haske. Fuskar ka bar ta yadda Allah ya yi ta. Furfura, tsagar gado, tabon sujada a goshi, kada ka goge ko ɗaya, ko da iyali sun roƙa a mayar da shi saurayi.

In ka gama a lokacin hunturu, jingina hoton, gabansa na duban bango ba tare da ya taɓa bangon ba, don ƙura na manne wa ɗanyen fenti. Man ƙyallin da ake shafa wa hoto a ƙarshe kuwa, sai bayan wata 6.