Kurakuran Masu Tsara Manhajar Motsa Jiki Ga Mutanen Karkara

Ina horar da 'yan ƙwallo da wasu dattawa masu hawan jini a wani ƙauye kusa da Ringim. Shi ya sa matasa masu koyon haɗa manhaja daga Dutse da Kano suke yawan turo mini aikinsu in gwada. Kusan kullum kurakuran iri ɗaya ne, har na gaji da maimaita wa kowa shi kaɗai.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne manhajar da ba ta buɗewa sai da data. Wani matashi ya taɓa haɗa wa ƙungiyarmu irinta, da kuɗin da yara suka yi karo-karo. Kowane atisaye bidiyo ne da sai an jawo shi daga intanet, alhali a filin firamaren da muke taruwa sabis sai ya ga dama yake zuwa. Sai ka ga yaro a tsaye ya ɗaga waya sama, ɗan zoben nan yana ta juyawa a fuskarta, guminsa har ya bushe. Masu sabis kuma datarsu ta ƙone tun kafin mako ya zagayo. Kowa ya goge ta, kuɗin ya tafi, kuma na daɗe ban iya sake ce wa yaran su sauke wani abu ba.

'Yan'uwa, ku daina gwada aikinku a babbar waya kuna zaune kusa da na'urar intanet ta ofis. Mutanenmu ƙaramar Itel ko Tecno suke riƙewa, wadda hotunan biki da saƙonnin WhatsApp suka riga suka cika, kuma sai an biya mai shago kafin a yi mata caji. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa lissafi yake yi. Ni dai duk manhajar da aka turo mini, kashe data nake yi kafin in buɗe ta. In ta nuna mini farin allo, na gama da ita. Ku sa zane mai sauƙi da gajeriyar murya da Hausa a cikin manhajar tun daga farko, bidiyo ya zama zaɓi ga mai hali. Ku rage mata nauyi yadda mutum zai tura wa abokinsa ta Xender.

Sai na biyu, wanda kuka kwafo daga manhajojin Turai ba tare da tunani ba: ƙirgen kwanaki a jere, da saƙon zargi ga wanda ya tsallake rana ɗaya. An yi wannan ne domin mai zaman kujera daga safe zuwa yamma. A nan kuwa, da damina, mutum ya wuni a duƙe da fartanya yana noman gero, ya dawo da la'asar ƙugunsa na ciwo, sannan waya ta ce masa yau bai motsa jiki ba! Matar da ta yi surfe da daka, ta jawo guga daga rijiya, ita ma an rubuta mata sifili. Wannan ai cin fuska ne. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ta lissafa aikin sana'a da tafiyar ƙafa ko keke da aikin gida a ciki. Ku kuma wa ya ba ku ikon cire su? Kada ku dogara da ƙirgen takun ƙafa, domin wayar manomi tana rataye a bishiya cikin aljihun riga, ko tana wurin caji. Ku sa manyan madannai: na yi noma, na yi daka, na tuƙa keke. Ku yi lissafin a mako, ba kullum ba. Abin da irin wannan jiki yake buƙata miƙe baya ne da sassauta gwiwa, sai lokacin rani a ƙara masa nauyin atisaye.

Lokaci ma haka. Da idona na ga manhajar da wani ɗan Kano ya haɗa tana tuna wa mutane su sha ruwa da tsakar rana a watan Ramadan. Haba malam! Ni ba na ce wa ɗalibaina ƙarfe kaza, bayan asuba ko bayan la'asar nake cewa. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ba na yarda da atisayen rana ko kaɗan. Da azumi kuma mu koma bayan tarawihi. Ku bar mutum ya zaɓi lokacinsa da salla.

Wajen rajista lambar waya ta isa, ku daina neman imel. Jerin abinci ya zama tuwo, ɗanwake, fura, ƙosai da kwaɗon zogale, a auna da malmala da ludayi, ba giram ba. Babu wanda yake da ƙarafan ɗagawa, amma kowane gida da jarka, kuma litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Rubutu mai launin toka ba ya karantuwa a rana. Ku gyara ɗ da ƙ da ɓ, ku kuma ba Bahaushe ya karanta fassarar kafin ku saki.

Batun mata kada ku yi masa sakaci. Hoton mace cikin matsattsun kaya kaɗai ya isa maigida ya sa a goge manhaja. Ku yi zane mai sutura, da atisayen da za a yi a kan tabarma cikin ɗaki. Ku tuna cewa waya ɗaya takan zagaya gida duka, don haka nauyin mace da bayanin lafiyarta su kasance a kulle da lambar sirri. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta ɗora muku wannan nauyi. Kafin atisayen farko kuma, manhaja ta tambaya ko akwai hawan jini, ciwon suga ko juna biyu, in akwai ta ce a fara zuwa asibiti a ji shawarar ma'aikacin lafiya.